Kurakuran Miƙa Bayanan Majinyata ga Kamfanonin Inshorar Lafiya a Nijeriya: Asalinsu da Hanyar Gano Su

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi dalilan da ke sa kamfanonin inshorar lafiya su dawo wa ƙananan asibitoci da takardunsu na neman biya. An bi sawun bayanin majinyaci daga ɗakin kati zuwa teburin mai tantancewa, bisa tsarin hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA. Matsayin maƙalar shi ne kuskuren da ke bayyana ranar turawa, galibi tun ranar yankar kati aka tafka shi.

1.0 Gabatarwa

A 1999 aka yi dokar kafa hukumar NHIS, aiki ya kankama a 2005, sai dokar NHIA ta maye gurbinta a watan Mayun 2022, ta kuma wajabta inshorar lafiya. Jihohi na da nasu hukumomin, kamar KSCHMA a Kano. Hanyoyin biyan asibitoci biyu ne. A matakin farko ana ba asibiti kuɗi ƙayyadadde a kan kowane mai rajista, ya zo ko bai zo ba. A mataki na biyu, kamar tiyata ko ganin ƙwararren likita, sai an yi aikin an tura takarda ga kamfanin inshora (HMO) kafin a biya. A nan gizo ke saƙar, domin asibiti ya riga ya kashe magani da kayan aiki.

2.0 Suna da Lambar Rajista

Manhajar kamfani ba ta san fuska ba. Harafi take gwadawa da harafi. Mutum ɗaya yana iya zama Muhammad a katin inshora, Mohammed a rajistar NIN, Mamman a bakin ma'aikacin ɗakin kati da ya san shi tun yana yaro. Haka A'isha da Aishatu. Alamar hamza a A'isha ko Sa'adatu kan rikita manhajar da ba a gina da kyau ba, haruffa masu lanƙwasa kuma kan rikiɗe su zama alamar tambaya idan fayil ya ƙaura daga wata kwamfuta zuwa wata.

Wani abin ya fi wannan kama da mu. Tsarin inshorar ma'aikata ya ɗauki nauyin mai rajista da abokin aure ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Magidanci mai mata biyu ya kawo amarya tana naƙuda, alhali uwargida ce a rajista. Ma'aikaci, don tausayi ko gaggawa, sai ya shigar da ita da lambar maigida. Sakamakon shi ne lambar O82, wadda ke nufin haihuwa ta tiyata, a fayil ɗin namiji. Babu mai tantancewar da zai bar wannan ta wuce.

Manhajar Excel ma tana da tata ɓarnar. Tana share sifilin farkon lamba idan ba a saita gurbin a matsayin rubutu ba, tana kuma iya karanta 03/04 a matsayin 4 ga Maris bisa tsarin Amurka, alhali 3 ga Afrilu ake nufi. Ta haka ranar sallama kan riga ranar kwantarwa.

3.0 Lambar Cuta da Lambar Izini

Kundin ICD-10 na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ba zazzaɓin cizon sauro lambobi daga B50 zuwa B54. B54 ita ce wadda ba a fayyace irinta ba, kuma ita hannu ya fi saurin kaiwa. Idan takarda ta nemi kuɗin kwanciya da allurar artesunate, wadda ake yi wa mai zazzaɓi mai tsanani, amma aka rubuta B54 ba tare da sakamakon gwaji ba, magani ya fi cutar da aka ambata nauyi, dole a yi tambaya.

Lambar izini kuwa kafin aiki ake nemanta daga HMO. Mai lalurar gaggawa ba ya jira, sai a yi aikin da dare, gari ya waye a manta da kiran kamfani.

4.0 Tsarin Bincike

Idan takarda ta dawo, a fara da abin da ya fi sauƙin dubawa: shin sunan majinyacin yana cikin jerin masu rajista na watan da aka duba shi, kuma a wannan asibitin? Sai suna da jinsi da ranar haihuwa, harafi da harafi. Bayan nan kwanan wata, lambar izini, dacewar cuta da magani, da farashin da aka amince da shi. A ajiye littafi na musamman da za a riƙa rubuta dalilin kowace takarda da ta dawo. Cikin 'yan watanni zai nuna teburin da ke yoyo.

Akwai gyaran da ya fi ɓarna muni. Ma'aikacin lissafi ya canza lambar cuta da kansa don takarda ta wuce, ba tare da likitan da ya duba majinyaci ya gyara fayil ya sa hannu ba. Wannan ƙarya ce a takardar neman kuɗi, kuma tana bin majinyaci, domin likitan gaba da ita zai yi aiki. Haka tura hoton fayil ta WhatsApp na wayar ma'aikaci: dokar kare bayanai ta 2023 ta sanya bayanan lafiya cikin masu buƙatar tsaro na musamman.

Masu asibitoci kan tura ma'aikacin lissafi horo su bar na ɗakin kati, alhali shi ne farkon wanda ke rubuta sunan majinyaci. Shi ya kamata a fara horarwa, a kuma ajiye masa jerin masu rajista na kowane wata a kan teburinsa.