Daga Farar Riga Zuwa Rigar Biki: Karnibal ɗin Bahiya da Sawun Kakanninmu



Duk shekara, tsakanin watan Fabrairu da farkon Maris, wayoyin 'ya'yanmu sukan cika da hotunan wani gagarumin biki na ƙasar Birazil: tituna maƙil da jama'a, ganguna na tashi, kowa ya ci ado. Sunan bikin Karnibal. Dattawanmu kan kawar da kai daga gare shi, kuma suna da hujja, domin akwai shaye-shaye da tsiraici da cakuɗar maza da mata waɗanda addininmu bai yarda da su ba. Sai dai a cikin wannan hayaniya, musamman a birnin Salvador na jihar Bahiya, akwai wani yanki na tarihin Hausawa da yawancinmu ba mu taɓa jin sa a bakin iyaye ba. Shi muke so mu shimfiɗa a yau.

Asalin bikin na Kiristocin Katolika ne na Turai. Suna da azumi na kwana 40 kafin bikin Ista, wanda a da sukan ƙaurace wa nama a cikinsa. Kwanakin da suka gabaci azumin sai aka mai da su na ci da sha da wasanni, har masana da dama suna ganin sunan ya fito ne daga kalmomin Latin masu ma'anar ɗauke nama. Kowace ƙasa da salonta. Mutanen Venice a Italiya sun shahara da rufe fuska, har a kasa bambance attajiri da bara. Turawan Fotugal kuwa wasansu, da suke kira entrudo, na watsa wa juna ruwa da gari ne, kuma shi suka kai Birazil. A can ne bikin ya haɗu da Afirka, domin Birazil ta karɓi bayi fiye da miliyan huɗu daga nahiyarmu, adadin da babu wata ƙasa da ta kai shi, kuma ba ta soke bauta ba sai ranar 13 ga Mayu, 1888.

Cikin waɗanda aka sauke a Salvador a farkon ƙarni na 19 akwai Hausawa masu yawa. Dalili kuwa sananne ne. Yaƙe-yaƙen jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, da suka fara a 1804, sun haifar da kamammu daga ɓangarorin biyu. Wasunsu aka yi ta sayar da su hannu zuwa hannu har bakin teku, aka ɗora su a jirage daga Ikko da Wida da Porto-Novo. Wani jakadan Faransa a Bahiya, Francis de Castelnau, ya zauna da wasu daga cikin Hausawan ya tambaye su labarin ƙasarsu, ya buga abin da ya ji a 1851. Sun ambata masa garuruwansu da hanyoyin fatauci da yadda aka kama su a fagen daga. Wasunsu almajirai ne da suka yi karatun allo, suna rubuta Larabci.

Waɗannan mutane sun lura da wani abu game da bukukuwan masu mulkarsu: ranar biki ita ce ranar da tsaro ke sakaci. A 1807 Hausawan Salvador suka shirya tawaye a ranar wani idin Katolika na ƙarshen watan Mayu, lokacin da gari zai shagala da jerin gwanon coci. Asiri ya tonu kafin lokaci, gwamna ya sa aka kama shugabannin. A Fabrairun 1814 suka sake tashi daga sansanonin masunta na Itapuã, a gefen birni, kuma takardun shari'ar sun ambaci jagoransu da laƙabin malomi, wanda kowane Bahaushe zai ji kalmar malami a cikinsa. Wannan ma sojoji suka murƙushe shi.

Mafi girma shi ne na daren 24 zuwa wayewar 25 ga Janairu, 1835, wanda tarihi ya sani da Tawayen Male. Kalmar ta fito daga imale, yadda Yarabawa ke kiran Musulmi. Gaskiya ta wajaba a nan: yawancin mayaƙan wannan dare Yarabawa ne, Hausawa kaɗan ne suka shiga, ko da yake an lissafa wani 'yantaccen Bahaushe mai sayar da taba, Dandara, cikin malaman da ke karantarwa a ɓoye, tare da Banufe Luís Sanin da dattijo Pacífico Licutan. Ranar da suka zaɓa ta haɗa abu biyu. Ga Musulmi, goman ƙarshe ce ta watan Ramadan na shekarar 1250 bayan Hijira. Ga Katolika kuwa, ranar biki ce a unguwar Bonfim, inda manyan gari suka tafi. Labari ya isa ga hukuma tun da dare, aka auka musu kafin su gama shiri. Kimanin mutum 600 suka fito titi da takubba da wuƙaƙe, sanye da fararen riguna, da layu a wuya. Kafin gari ya waye an karya su a gaban barikin sojan doki, an kashe kimanin 70.

Abin da ya biyo baya shi ya fi shafar zancenmu. An harbe mutum huɗu a watan Mayu, an yanke wa wasu bulala ɗaruruwa, Licutan shi kaɗai bulala 1000. 'Yan sanda suka bi gida gida suna neman abu biyu: takarda mai rubutun Larabci da farar riga. Rigar nan suna kiranta abadá, wato agbada ta Yarabawa, 'yar uwar babbar rigarmu. Wanda aka samu da ita a akwati ya shiga uku. Tun daga nan Musulmin Bahiya suka koma sa ta a cikin ɗaka kawai, ƙofa a rufe. Aka kori ɗaruruwan 'yantattu zuwa Afirka, wasu kuma suka biyo baya da kansu don gudun wulaƙanci.

Waɗanda suka rage ba su saki titi ba, sai dai sun sauya makami. Bayan soke bauta, a shekarun 1890, baƙaƙen Salvador suka kafa ƙungiyoyin Karnibal nasu, irin su Embaixada Africana, wato Jakadancin Afirka, da Pândegos d'África. A 1897, shekara guda bayan Habasha ta karya Italiya a Adwa, Jakadancin Afirka ya fito da siffar Sarki Menelik, ya kuma fitar da sanarwa cikin salon raha yana neman diyyar 'yan Afirkan da aka azabtar saboda Tawayen Male. Abin da ba ya faɗuwa a gaban alƙali ya faɗu a bakin mai wasa. Masu mulki sun gane inda aka dosa, don haka a 1905 'yan sanda suka hana fitowa da al'adun Afirka da gangunansu a bikin, hanin da ya ɗauki kusan shekara goma.

Amma an ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A 1949 'yan dakon tashar jiragen ruwa suka kafa Filhos de Gandhy, 'Ya'yan Gandhi, masu fita cikin fararen kaya da rawani. A 1974, a unguwar Liberdade, aka kafa Ilê Aiyê, ƙungiyar baƙaƙe zalla, wadda takan ɗauki wata ƙasa ko wani babi na tarihin Afirka ta mai da shi jigon fitarta. A 1979 kuma aka kafa Malê Debalê, wadda ta ɗauki sunan Musulmin 1835, kuma mazauninta Itapuã ne, wurin da Hausawa suka tashi a 1814. Kalmar abadá ma tana nan da ranta, sai dai ta sauya ma'ana. Yau ita ce 'yar rigar da mutum ke saya da tsada don a bar shi ya shiga cikin igiyar da ke kewaye ƙungiyar biki, ya bi motar makaɗa. Masu riƙe igiyar don ɗan abin da za a biya su, yawancinsu talakawa ne baƙar fata. Rigar da aka yi wa mutum bulala saboda ita ta zama tikitin rawa.

Labarin bai tsaya a can ba, ya ƙetaro teku ya same mu har gida. Waɗanda suka dawo daga Bahiya sun zauna a garuruwan da muke zaune a yau. A Ikko da Porto-Novo da Wida ana kiransu Aguda. A Ankara ta Gana ana kiransu Tabom, daga gaisuwarsu ta harshen Fotugal mai ma'anar lafiya lau. Babban ayarinsu ya sauka a 1836, sarakunan Ga suka ba su masauki, kuma gidansu na Brazil House yana nan a Jamestown. Da yawansu Musulmi ne. Sun zo da sana'o'in gini da ɗinki da haƙar rijiya, kuma hannunsu ne ya fito a masallacin Shitta-Bey na Ikko, da aka buɗe a 1894, da babban masallacin Porto-Novo mai fasalin ginin Bahiya. Sun zo kuma da wasanninsu: Kareta da Fanti a tsibirin Ikko, da buriyan, wasan dodanni masu siffar dabbobi, da ake yi a kudancin Binin lokacin bikin Bonfim na watan Janairu. Wanda ya taɓa tsayawa kallon waɗannan ya kalli jikan Karnibal ɗin Bahiya, ko ya sani ko bai sani ba.

To, me ya rage na Hausawan da ba su dawo ba? A ƙarshen ƙarni na 19 wani likita mai bincike, Nina Rodrigues, ya tarar da tsirarun tsofaffi a Salvador har ya rubuta kalmomin Hausa daga bakinsu. Da suka rasu, harshen ya bi su kabari. Musuluncinsu ma bai wuce 'ya'ya da jikoki ba, domin ya rayu ne a ɓoye, babu makaranta a fili, babu idi a fili, babu sababbin malamai masu zuwa daga gida. Abin da ya tsira shi ne abin da aka iya fitarwa titi duk shekara yara suna gani: ganga, da tufa, da suna. Shi ya sa a yau masu kiɗan biki ne ke ambaton waɗancan bayin Allah, mu kuwa da muke da harshensu da alƙiblarsu da ƙyar muka san an yi su.

Ba muna kiran kowa zuwa Karnibal ba ne, kuma ba ma neman a kwaikwaye shi. Muna da namu ranakun fita: hawan Sallah, da jerin gwanon Mauludi, da saukar karatu, da naɗin sarkin zango. Halinmu kuma ya bambanta da nasu nesa ba kusa ba, tunda mu 'yantattu ne, masallatanmu a buɗe, makarantunmu a cike. Amma mu ma tsiraru ne a ƙasashen da muke, kuma muna ganin yadda Hausar jikokinmu ke raguwa, yadda kirari da algaita da kakaki ke zama baƙi a kunnensu, yadda wasu ke ɗaukar hawan doki ranar Sallah ɓarnar kuɗi. Darasin Bahiya shi ne al'adar da aka kulle a ɗaka tsara biyu take yi ta mutu, ko da masu ita salihai ne masu ilimi. Su tilas aka yi musu. Idan tamu ta bi wannan hanya, babu ɗan sandan da za mu ɗora wa laifi.

Saboda haka muna roƙon malaman makarantun allo da na Islamiyya su sa wannan babi cikin abin da suke gaya wa ɗalibai, ko da sau ɗaya ne a shekara. Goman ƙarshe na Ramadan ya dace da haka, tunda a cikinsa abin ya faru. A ambaci Dandara da Sanin da Licutan da malamin Itapuã, a yi musu addu'a tare da sauran magabata. Idan kuma yaro ya nuna mana hoton Karnibal a waya, bayan mun gaya masa abin da ya haramta a ciki, mu gaya masa su wane ne suka fara sa abadá a titunan nan, da abin da ya same su saboda ita.

Allah Ya jiƙansu da rahama, Ya kyautata namu zuwan. Wassalam.