Mai Bashi Ya Ƙetare Iyaka

Tafoki gari ne cikin ƙasar Faskari, a kudu maso yammacin Katsina. Mutumin da ya tashi daga nan ya bi hanyar Yankara, ba ya daɗewa sai ya faɗa ƙasar Tsafe. In kuwa ya yi kudu ta Sabuwa, ga Birnin Gwari da ƙasar Zazzau. Saboda haka tun zamanin da, alƙalan wannan yanki sun san wata wahala wadda ba ta cika damun alƙalin birni ba, watau a yanke wa mutum hukuncin biyan bashi yau, gobe a wayi gari ya kwashe iyalinsa ya koma ƙarƙashin wani sarki.

Shari'a ta yi wa wannan tanadi tun kafin Turawa. Littattafan Malikiyya da alƙalanmu suke karantawa, irin su Muhtasar na Halil da Tuhfa ta Ibnu Asim, sun yi bayanin wasiƙar alƙali zuwa ga alƙali. Wanda ya yi shari'ar shi zai rubuta da Larabci, ya faɗi sunan mai bin bashi, da na wanda ake bi, da adadin dukiyar. Asalin ƙa'ida shaidu biyu adilai su tabbatar wa alƙali na biyu cewa takardar ta alƙalin farko ce. In ta tabbata, sai ya zartar kamar shi ya yanke. Amma fa wannan yana ci ne tsakanin ƙasashen da ke bin Sarkin Musulmi. Wanda ya gudu Maraɗi, wurin Haɓen da aka kora daga Katsina wajen 1807, ya tsira, don babu takardar da za ta bi shi can.

Abin da ake kamawa a lokacin nan dukiya ce ta gani da ido: hatsi a rumbu, jaki, awaki, riga ta biyu. A sayar a biya masu bi, a bar masa abin da zai ci da tufar da zai sa. In ana zaton ya ɓoye dukiya, a tsare shi har gaskiya ta fito. Malamai kuma sun ce ba a tilasta wa matsiyaci ya yi ƙodago don ya biya. Hukuncin nan akwai tausayi cikinsa, ko da yake masu ba da bashi ba su taɓa sonsa ba.

Turawa suka ci Katsina a 1903. Cikin sarautar Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya hau a 1906, aka kafa baitulmali, aka yanka wa hakimai da alƙalai da malaman ofis albashi. Ushirar da kotu take karɓa bisa bashin da ta ƙwato ta koma baitulmali. Sa'an nan jirgin ƙasa ya ratsa Funtuwa, ya kai Gusau da Ƙauran Namoda a 1929. Samari suka yi ta fita, waɗansu gidan gurzar auduga, waɗansu aikin reluwe, waɗansu haƙar kuza a Jos.

To, a nan ne sabon abu ya ɓullo. Ga mutum ba shi da gona, ba shi da akuya, amma kowane ƙarshen wata ana ƙirga masa sulalla. Dukiyarsa tana hannun wani. In ma'aikacin En'e ne, magana ba ta da tsawo, don ma'aji yana ƙarƙashin Sarki. In kuwa leburan kamfani ne a wani lardi, ikon alƙali bai kai kan Baturen kamfani ba. Sai takarda ta bi ta hannun Di'o da Razdan, ta yi watanni a hanya, sau da yawa kafin ta isa mutumin ya sake wurin aiki.

A 1945 aka kafa dokar zartar da hukuncin kotuna da isar da sammaci, wadda da ita manyan kotuna da na majistare suke aiki har yanzu. Ta ba kotu ikon ta umarci wanda kuɗin mai bashi ke hannunsa, ko banki ko maigidan aiki, ya zo ya faɗi dalilin da zai hana a miƙa su ga mai bi. In mai bashi yana wata jiha, sai a karɓi takardar shaidar hukunci daga kotun da ta yanke, a kai a yi mata rajista a kotun can. Mai lura zai ga wasiƙar alƙali ce ta dawo cikin rigar Turawa. Akwai kuma sharaɗi mai nauyi: kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati ba a taɓa su sai da yardar Antoni-Janar.

Kotunan alƙalai suka fita hannun En'e a 1968. Iyakoki kuwa sai ƙaruwa suka yi. Katsina da Zariya jiha guda ce daga 1967, har aka raba su a 1987, Zamfara kuma ta fita daga Sakkwato a 1996. Yau Batafoke mai bin ma'aikaci kuɗin buhun masara goma a Gusau ko Zariya sai ya yi rajista a wata jiha, ya biya lauya, ya biya mota zuwa da dawowa. Da yawa sukan ƙirga kuɗin nan, su ga ya kusa cinye bashin, sai su tafi wurin dagaci ko surukin mai bashin a yi sulhu, a yanka biya kashi kashi zuwa kaka.