Ƙofar ESX-1 da Tushen Illar Ƙwayar Tarin Fuka

Ƙwayar da ke haddasa tarin fuka, wadda Robert Koch ya gano a shekarar 1882, ta daɗe tana ɗaure wa masana kai, domin an kwashe shekaru masu yawa ba a same ta da dafi irin wanda ƙwayoyin kwalara da mashaƙo ke yin ɓarna da shi ba. Jikinta a kewaye yake da bango mai kauri na kitse da kaki, kamar birni mai ganuwa, saboda haka duk furotin ɗin da za ta tura waje sai ya bi ta wata ƙofa ta musamman. Ƙofofin da suka fi jan hankalin masu bincike guda biyar ne, daga ESX-1 zuwa ESX-5, kuma kowace gungun furotin ce da aka dasa cikin bangon.

Babbar hujjar cewa illar ƙwayar tana rataye da waɗannan ƙofofi ta fito ne daga allurar rigakafin BCG. Albert Calmette da Camille Guérin sun yi ta renon ƙwayar tarin shanu a Faransa, suna sauya mata mazauni har sau 230, kafin ta yi sanyin da aka iya ba wa ɗan Adam a 1921, alhali su kansu ba su san abin da ya raunana ta ba. Sai a 1996 aka tabbatar cewa wani yanki na ƙwayoyin gadonta, wanda aka sa wa suna RD1, ya ɓace, kuma a cikinsa ne umarnin gina sassan ESX-1 yake, tare da na furotin biyu da ke fita ta wannan ƙofa, wato ESAT-6 da CFP-10. Idan makrofaj, wato tantanin garkuwar jiki mai haɗiye baƙin ƙwayoyi, ya kulle ƙwayar tarin a cikin wata jaka domin ya narkar da ita, ESX-1 ce ke taimaka mata ta huda jakar, ta kashe tantanin, ta bazu zuwa maƙwabtansa. BCG kuwa ba ta iya wannan huji.

Sai dai jingina dukkan ɓarnar ga ESX-1 da ESAT-6 kaɗai gaggawa ce, domin bincike ya nuna cewa wani kitsen bangon mai suna PDIM yana da hannu a hujin, ESX-3 kuma aikinta samo wa ƙwayar sinadarin ƙarfe ne.

Wannan ilimi ya haifar da gwajin jini na IGRA, wanda ke duba ko garkuwar mutum ta taɓa saduwa da ESAT-6 da CFP-10. Amfaninsa a bayyane yake a ƙasashe irin su Nijeriya da Nijar, inda ake yi wa jarirai BCG tun daga haihuwa, tun da allurar tana iya rikita sakamakon tsohon gwajin fata, amma ba ta rikita na IGRA, domin ba ta ɗauke da waɗannan furotin biyu. A nan kuma wata matsala ta kunno kai, domin duk sabuwar allurar da aka sanya wa ESAT-6 don ƙarfafa garkuwa tana iya sa wanda aka yi wa ita ya bayyana a gwajin tamkar mai ɗauke da cutar. Wajibi ne masu ƙera irin wannan allura su tanadi gwajin da zai tafi tare da ita tun kafin a fara raba ta.