Kyamara 12 da Doki Ɗaya

 Yau za mu koma shekarar 1878, zuwa Palo Alto a jihar Kalifoniya ta Amurka.

A lokacin ana wata gardama: idan doki yana sukuwa, akwai lokacin da ƙafafunsa huɗu duk suke barin ƙasa? Ido ba ya iya kamawa. Sai Leland Stanford, tsohon gwamnan jihar kuma mai kiwon dawakin tsere, ya ɗauko mai hoto Eadweard Muybridge ya raba gardamar.

Matsalar ita ce, kyamarar wancan zamani a kan farantin gilashi take ɗauka, kuma ta fi son abu ya tsaya cak. Muybridge ya jera kyamara 12 a gefen fili, ya kafa farin bango a ɗaya gefen don haske ya wadata, ya ja zare daga kowace kyamara ya tsallaka hanya. Doki na tsinka zare, kyamara na ƙiftawa, cikin kusan kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa. A watan Yuni hotuna suka fito: ƙafafu huɗu a sama, tattare a ƙarƙashin ciki. Ashe masu zanen da suka daɗe suna miƙe su gaba da baya kuskure suke yi.

To, ɗan'uwa mai tara kuɗin kyamara, ka lura: sai da Muybridge ya san abin da yake son kamawa, sannan ya haɗa kayan aiki. Idan Hawan Daushe za ka ɗauka a Kano, dabararsa ce har yau: saurin ƙiftawa 1/1000, da lens mai jawo nesa kamar 70-200mm, don kada doki ya take ka. Idan wasan wuta ne da dare, sai ka juya lissafin: lens mai faɗi kamar 24mm, ISO 100, f/8 zuwa f/11, kyamara a kan ƙafa-uku, a bar idonta buɗe daƙiƙa 2 zuwa 5 har wutar ta zana layinta.

Da yawanmu mun ci bashi mun sayi kayan da ba su dace da aikinmu ba, ranar hawa kuma muka dawo da hotuna dishi-dishi. Kafin ka biya, tambayi kanka: me zan ɗauka, da wane haske?

Sai mun haɗu a shiri na gaba.