Kunkunniya a Bolori: daga gindin tukunya zuwa salansar janareta

Tsofaffin matan unguwar Bolori ta Maiduguri ba su manta da aikin gab da magariba ba: a zare ƙwan fitila, a hura masa iska, a goge da tsumma har ya yi tangaran. Kafin gari ya waye ya sake yin baƙi ƙirin, balle in yaro ya murɗa lagwani ya yi sama. Wannan baƙin shi ne kunkunniya, kuma ta girmi fitilar nesa ba kusa ba. Tun ana girki da itace kaɗai take maƙale a rufin madafa da gindin tukunya, har almajiran tsangaya suka samo mata amfani, a kankaro ta a dama da ƙaro ta zama tawadar allo.

Kananzir baƙo ne. A 1846 wani likita a Kanada, Abraham Gesner, ya nuna yadda ake tatso shi daga kwal, sai a zamanin mulkin mallaka kamfanonin Turawa suka cika kasuwannin Arewa da shi a gwangwani. Fitilar ƙwai da risho duk suka biyo baya, kowanne da irin hayaƙinsa.

A 1860, cikin laccocin da ya yi wa yara a Landan a kan kyandir, Michael Faraday ya nuna musu cewa hasken nan ruwan ɗorawa na harshen wuta ƙwayoyin gawayi ne da suka yi jajir don zafi. Masanan baya suka bi diddigin inda ƙwayoyin ke fitowa. Kananzir da fetur da dizal duk haɗin kabon ne da haidurojin. A tsakiyar harshen wuta zafi ya kai, amma iska ba ta isa wurin, don haka man ba ya cinyewa, sai dai ya farfashe. Cikin ɓaraguzan har da asitilin, gas ɗin nan da masu walda ke samu daga kabaid. Duk wanda ya tsaya kusa da mai gyaran jikin mota ya ga abin da idonsa: in ya kunna bakin waldar kafin ya buɗe oksijin, baƙin zare-zare ke tashi yana sauka a riga. Ɓaraguzan nan ke sarƙewa su yi zobba, zobba su hau kan juna su zama ƙwaya, ƙwayoyi su jeru kamar carbi. In sun riski iska da sauran zafinsu sai su ƙone. In wutar ta taɓa sanyin gilashi ko tukunya, ko mai ya rinjayi iska, sai su tsere. Ashe abin da uwar gida ke gogewa kananzir ne da ta biya kuɗinsa bai ba ta haske ba.

Babi mafi nauyi ya zo a Janairun 2021, lokacin da mayaƙa suka tarwatsa turakun wutar da ke tahowa daga Damaturu. Aka gyara a Maris, suka sake fasawa cikin kwanaki. Maiduguri ta kusa cinye shekarar a duhu. Masu niƙa, masu ƙanƙara, masu tura ruwan burtsatse, kowa ya koma kan janareta, bangon da salansa ke kallo ya yi baƙin tabo. Abin tayar da hankali ne, domin tun 2012 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin dizal cikin abubuwan da ke haddasa kansar huhu, ƙwayoyinsa kuwa sun fi silin gashi siranta ninkin baninki, hanci ba ya iya tace su.

A Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe wa garin tashar lantarki mai megawat 50 da ke aiki da iskar gas. A madafa ma, gas ɗin girki kan gauraya da iska tun kafin ya kama, shi ya sa wutar murhunsa take shuɗiya, tukunya ta sauka da gindinta fes. Sai dai tsadarsa da ta kananzir ta mayar da gidaje da yawa a unguwar kan gawayi da itace.