Hauren Giwa: Daga Ayarin Madugu Zuwa Takunkumin CITES

Wani mai karatu daga Goronyo ya aiko da tambaya: me ya haɗa Najeriya da takunkumin hauren giwa, alhali giwayen da suka rage mana ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba? Gaskiya ne, a Yankari da wasu dazukan kudu suka fi yawa. Amma tun asali mu ba giwa aka san mu da ita ba, hanya aka san mu da ita.

A 1853 Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya sauka Wurno, garin da Muhammadu Bello ya kafa ribaɗi. Abin da ya nema wajen Sarkin Musulmi Aliyu Babba shi ne amana ga 'yan kasuwar Ingila. Ya san ikon Sarkin Musulmi ya kai har Adamawa, kuma can haure yake. Fataken Hausa kan kutsa Banyo da Tibati da Ngaundare da tufafi da duwatsun ado, su saro haure, 'yan alaro su ɗauko a ka, jakuna su ɗauki saura. Wani ya bi Kano zuwa Tarabulus a bayan raƙuman Gadamusawa, wani ya gangara Binuwai ya faɗa hannun kamfanonin Turawa.

Cikin madugan wannan fatauci akwai Muhammadu Mai Gashin Baki. Ya san hanyoyin Adamawa da kuɗin fiton kowane sarki, shi ya sa Bature Eduard Flegel ya riƙe shi jagora, har a 1884 ya tafi da shi Barlin. Dattijon da ya ƙare ƙuruciyarsa a zango ya je ya ga ƙasar masu sayen kayansa ido da ido. A zamaninsa sana'a ce ta mutunci, ba wanda ya kira ta fasa-ƙwauri. Sai dai kowane haure biyu giwa guda ce ta faɗi, kuma daji bai iya mayar da abin da aka kwasa ba.

Najeriya na cikin ƙasashen farko da suka shiga yarjejeniyar CITES mai ƙayyade cinikin namun daji da tsirrai tsakanin ƙasashe, wadda ta fara aiki a 1975. A 1989 aka haramta cinikin haure tsakanin ƙasashe. Duk da haka, wani bincike na ƙungiyar TRAFFIC a 2003 ya tarar da haure baje a shagunanmu. A 2005 CITES ta nemi ƙasashe su daina cinikin duk wata dabba ko tsiro da ke cikin jerinta da Najeriya, kuma ba a ɗage wannan ba sai 2011.

Nan ake saɓani. Wasu na cewa takunkumin bai tsinana komai ba, sai cutar da masu halattacciyar sana'a, tunda har fatar mesa da kada da guza ya shafa. Hujjarsu mai ƙarfi ce: a 2012 masu bincike sun ƙirga kayan haure fiye da 14,000 a shagunan Legas. Ina jin zafin baduku da aka rufe wa kasuwa a kan laifin wani. Amma na fi karkata ga ɗaya ɓangaren. Dokarmu ta 1985 kan cinikin namun daji ta yi shekara 20 tana barci, kuma a cikin shekarun takunkumin ne aka kafa hukumar kare muhalli ta NESREA a 2007, aka fito da sababbin ƙa'idoji a 2011. Kuskuren shi ne ɗage shi da aka yi don an ga takarda, ba don an ga manyan dillalai a gaban alƙali ba.

A 2015 an sake dakatar da mu na ɗan lokaci saboda jinkirin miƙa tsarin yaƙi da cinikin haure. Ƙasar Sin ta rufe kasuwarta ta haure a ƙarshen 2017. A Janairun 2024 gwamnati ta niƙe tan 2.5 na haure a Abuja. Galibin hauren da ke bi ta ƙasarmu daga dazukan Afirka ta Tsakiya ake shigo da shi don a fitar ta tashoshin ruwanmu.