Tashar Jirgin Kano da Unguwannin da Ta Haifa

Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga fasinja da kaya a 1912. Turawa ba su kai shi cikin birni ba. A gabas da ganuwa suka kafa tasha, kuma wannan zaɓi ne ya janye babban ciniki daga Kasuwar Kurmi zuwa waje.

Auduga suka sa wa rai, saboda masaƙun Ingila. Manoma suka dubi farashi, suka shuka gyaɗa. Kamfanonin Turawa suka jera kantuna dab da tasha, kwarori suka kafa abin da ya zama Kantin Kwari, aka yanka Sabon Gari wajen 1913 domin baƙi 'yan Kudu. Fagge, tsohon zangon ayarin raƙuma, ta wayi gari tsakanin ganuwa da dogo. Dalar gyaɗar su Alhassan Ɗantata ma, in an duba, buhuna ne masu jiran taragu.

Reshen da ya nufo mu nan yamma kuwa a Ƙauran Namoda ya tsaya, a 1929. Jega, mai kasuwar da ta yi suna tun ƙarni na 19, ba ta taɓa jin kukan jirgi ba, kuma har yau a mota albasar Aliero take zuwa Legas.